Guzurin da na haɗa ina takaba

Kwana biyar bayan sadakar arba'in ɗin maigidana, ɗana ya zo bakin ƙofar ɗakina da takarda a hannu ya durƙusa. Ina zaune a kan tabarmar da nake wuni a kai tun ranar da aka fita da gawar. A Bebeji muke a lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Koyarwa nake yi a firamare, amma an ba ni hutun takaba.

Shi ne ɗan farina. Shekararsa goma sha biyar, yana makarantar kwana a Kiru, kuma da zuwansa dogon hutu da kwana huɗu aka yi rasuwar. Ban taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran na yayana ba. "Kai" nake ce masa, in kuma ina maganarsa da wani sai in ce "wannan yaron". Shi kuwa Umma yake ce mini, a hankali, kamar wanda ya aro kalmar.

"Umma, tafiyar nan ce. Asabar mai zuwa."

"Wace tafiya?"

Akwai wata ƙungiya a makarantarsu ta masu sa kaki da ɗaura ɗan ƙyalle a wuya. Duk ƙarshen dogon hutu malaminsu yakan kwashi wasu daga cikinsu ya fita da su daji. A wannan shekarar mota ce za ta kai su Tudun Wada, daga nan su taka da ƙafa ta gefen dajin Falgore har Doguwa, su hau duwatsun wajen Riruwai, su dawo. Kwana shida, kowa da abincinsa da shimfiɗarsa a baya. Na san da maganar. Babansa malamin gona ne, ya san ƙauyukan nan gaba da baya, kuma na sha ganinsu a tsakar gida yana zana masa hanya a ƙasa da tsinke. Abin ne ya fita daga kaina kamar yadda komai ya fita.

Na karɓi takardar. Jerin kaya ne, an buga da keken rubutu, tawadar ta dushe. Jakar goyo, bargo, abin shimfiɗa da ruwa ba ya ratsawa, takalmi mai ƙwari, tocila, gorar ruwa, kwano da kofi da cokali, 'yar wuƙa, ashana, igiya, abincin kwana shida wanda ba ya lalacewa. Na karanta kamar ina duba aikin 'yan aji, har na lura an rubuta tocila sau biyu. A can ƙasa an ce ba yaron da zai hau mota sai da takardar amincewar mahaifinsa.

"Ina takardar amincewar?"

"Na ba Baba. Ya ce zai sa hannu ya kai wa malam da kansa."

Wata kaza ta shigo ta bayansa, ta leƙa ɗakin, ta fita.

"To," na ce.

Bai san ko e nake nufi ko a'a ba. Ni ma ban sani ba.

Ya kamata in faɗi halin da nake ciki a kwanakin nan, don kada a ɗauka jarumta ce. Ranar wata Laraba babansu ya fita a kan babur ɗin aiki. Ya ce zai duba wasu gonaki ta wajen Kwanar Dangora, daga nan ya wuce Kiru. Wata babbar mota ta ture shi a kwanar, kafin la'asar aka kawo shi. Daga ranar ban yi kuka ba. Matan da suka zo gaisuwa suna ta cewa ba su taɓa ganin mai tawakkali irina ba, ni kuwa ina amsawa da "sai haƙuri" ina kallon ƙafafunsu. Ba tawakkali ba ne. In mutum ya daɗe a zaune a kan ƙafarsa, ya mintsine ta bai ji ba, to haka dukan jikina da zuciyata suke. Ina sallah a kan lokaci, ina cin abin da aka ajiye mini, amma tuwo da fura duk ɗaya ne a bakina, kamar ina tauna auduga.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta zo daga Tudun Wada ta zauna da ni. Ita ke riƙe da dokokin takaba. Ta juya madubi ya fuskanci bango, ta kwashe kwalli da turare, ta hana ni ɗaga murya, ta kuma ba ni wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho ta ce kada ta bar hannuna ko banɗaki zan shiga. Ban tambaye ta dalili ba. Na riƙe.

Wan mijina, wanda nake kira Yaya, gidansa na jikin namu. Kullum da hantsi yakan shigo ya tsaya daga bayan labule mu gaisa. Washegari da na gaya masa maganar tafiyar, sai ya ce:

"Yaron da ya binne ubansa jiya-jiya, yau a ce ya tafi yawon daji? Me mutane za su ce? Kuma ta ina motar za ta bi? Ba ta Kwanar Dangora ba?"

"Ta nan za ta bi, Yaya."

"Kin gani. Ga damina ba ta ƙare ba. Ni dai ban yarda ba. Ya zauna tare da ƙannensa."

"To, Yaya."

Yaron yana tsakar gida, ya ji komai. Bai yi musu ba. Ya ninke kakinsa da ya riga ya goge, ya mayar cikin akwati, ya kwance awaki ya fita da su.

Abin da na yi bayan azahar ba shawara ba ce na yanke. Takardar jerin kayan tana ƙarƙashin tabarmata, idona ya sake faɗawa kan layin farko, jakar goyo, sai kawai na tuna muna da ita. Tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa tun ranar da mutanen da suka kawo shi suka miƙo ta. Jakar babansu ce ta aiki, ta kaki mai kauri, hannu ɗaya ya tsinke. Ba wanda ya buɗe ta. Na sauke, na zazzage a kan tabarma.

Littafinsa na aiki. Biro biyu. Ɓarin goro da ya bushe ya yi baƙi. Ƙunshin irin masara a takarda. Alawa uku da suka narke suka manne da juna, na san ta 'yan matana biyu ce da 'yar Yaya. Sai wani ambulan da ba a liƙe ba.

Takardar amincewar ce. Ya sa hannu, kuma a ƙasa ya ƙara layi biyu da rubutunsa mai karkata: "Na amince. Malam a kula, ba ya jure yunwa, kuma ba zai faɗa ba."

Na karanta sau biyu. Na jira in ji wani abu, ban ji ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne, ni da na haife shi ban san haka ba. Shekara goma sha biyar ina zuba masa abinci ina kau da kai.

Na kira babbar 'yata, mai shekara tara, na ce ta kai wa Baffansu ambulan ɗin. Ran nan bai sake shigowa ba. Gwaggo da ta leƙa zaure ta dawo ta ce ta tarar da shi a zaune kusa da babur ɗin da ya lanƙwashe, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Na yi mamakin yadda abin yake zo wa wasu da sauƙi.

Da safe sai ga tsokar naman sa mai yawa an aiko daga wurin mahauta, a naɗe cikin takardar siminti. Yaya ya tsaya a bayan labule ya ce, "A yi masa dambu. A yi da yawa."

Kwana huɗu suka rage. Na fito tsakar gida, karon farko da na fito don wani abu ban da alwala. Na yanka naman, na cire kitse da jijiya kaf, don su ne ke sa dambu ya yi saurin wari. Na ɗora da albasa da citta da kanumfari da masoro, na bar shi har ruwan ya tsotse. Da na jawo turmi sai Gwaggo ta fito.

"Mai takaba ba ta daka. Kawo in yi."

"Kafaɗarki na ciwo, Gwaggo."

"To a kira matar Yayanku."

Na ɗaga taɓarya. Tun ranar rasuwar ba a yi daka a gidan ba, abinci daga maƙwabta yake shigowa. Da ƙarar ta tashi sai na ga kan maƙwabciyata ya leƙo ta katanga ya koma. Na daka har naman ya zama kamar zare, na soya da man gyaɗa a wuta kaɗan-kaɗan, ina juyawa har ya bushe ya yi wasar-wasar. Na ɗanɗana, ban ji komai ba. Sai na kira 'yata na sa mata a baki.

"Gishiri ya ji?"

"Bai ji ba, Umma."

Na ƙara. "Yanzu fa?"

"Ya ji. A ƙara mini."

Haka muka yi da ita a kan komai. Ita ce harshena a kwanakin nan. Ita ta ce yajin ƙuli ya yi, ita ta ce dakuwar tana son sukari.

Rana ta biyu mai nononmu ta zo. Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Tiga, ta fi shekara goma tana kawo mana nono, mun saba har ta san ɗakin da nake ajiye ƙwarya. Ta tarar ina cura fura, ta tambaya ta wa, na gaya mata. Ta sauke ƙwaryarta ta zauna.

"Wannan furar kwana biyu za ta yi tsami a jaka. Marmashe ta ki shanya ta bushe ƙarau. In ya so ya jiƙa da ruwa ya sha. Haka muke yi wa samarinmu."

Ta san dajin, danginta suna kai shanu can. Ta ce a kira mata yaron. Ya zo ya durƙusa, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ka ji ni da kyau. Rafukan can ba sa sallama. Sama tana tas a kanka, ruwan ya sauka a kan dutse, sai dai ka ji shi ya iso. In ka ga rafi ya yi ja yana tafe da kara da kumfa, ko iya idon sawu ne kada ka sa ƙafa. Ka zauna ka jira. Ko malaminku ya ce ku shiga, kai ka ce cikinka ke ciwo."

Ya yi murmushi, na farko da na gani tun zuwansa hutu. Ta ɗebi man shanu ta cika masa wani ɗan gwangwani ta ce na ƙafa ne, ba na ci ba, sannan ta ɗora hannu a kansa ta yi masa addu'a da Fillanci. Na ga yadda hannunta ya sauka a kansa ba tare da wani tunani ba.

Hadari yana ta haɗuwa yana watsewa, don haka na yi ta fitar da tabarmar shanyar fura ina shigarwa. Tsakanin haka na yi ɗinki. Buhunan taki ba sa yankewa a gidan malamin gona. Na zaɓi huɗu, na wanke su har warin ya fita, na farke, na haɗa da basilla da zaren buhu. Ya zama shimfiɗa, in an ninka biyu kuma a yafa a ka saboda ruwa. Na samo gwangwanayen madarar gari guda uku da babu komai a ciki, na wanke na shanya. Biyu na cika da dambu na danna da bayan cokali, ɗaya da dakuwa. Garin rogo na ƙulla shi ƙulli shida a leda, kowanne da sukarinsa da ƙuli-ƙulinsa, don kada ya cinye na jibi yau. Sai ganyen shayi, da dabino, da gishiri, da ɗan alif na tace ruwa. Ashana na sa ta cikin kwalbar magani mai murfi, na yanko gefen kwalin na tura ciki.

Jakar ita ta fi cin lokaci. Na ɗinke hannun da ya tsinke, na bi ɗinkin sau uku. A bayanta, daidai inda take kwanciya a gadon baya, akwai tabo mai faɗin tafin hannu. Na jiƙa da toka, na wanke da sabulu, na dirje da soso, na sake. Ya dushe ya koma kalar ƙasa, amma bai fita ba. Ina cikin dirzar na ɗaga kai na ga yaron a tsaye yana kallo.

"In ba ka so, a nemo wata a aro."

"Ina so."

Na ci gaba da dirza.

Takalminsa na kambas ya matse shi, babban yatsa har ya fara huda gaba. Na shiga ɗakin babansu na ɗauko nasa na shiga gona, na fata mai igiya, wanda bai sa ba ran nan. Ya yi wa yaron yawa. Na cusa auduga a gaba, na ce ya sa safa biyu ya zagaya tsakar gida mu gani. Ya fara takawa daga bakin rijiya zuwa madafa. Sai ga Gwaggo ta fito daga ɗaki da sauri, ɗankwalinta a hannu, tana salati. Da ta ga wanda ke tafiyar sai ta dafa bango ta zauna a ƙasa.

"Na ɗauka shi ne," in ji ta. "Wallahi takunsa ne."

Ni abin da na lura da shi shi ne dugadugin hagu ya cinye ta gefe ɗaya. Na ce a kai wa mai gyaran takalmi ya ƙara masa taya.

Ranar Juma'a da yamma muka shirya jakar. Masu nauyi a ƙasa, abin da zai buƙata a hanya a sama. Ya goya, sai ya yi baya kamar zai faɗi, ƙannensa suka yi dariya, suka tuna ba a dariya a gidan, suka toshe baki.

"Umma, ta yi nauyi. A cire gwangwani ɗaya."

"Ba a cire abinci."

Na cire bargon na sa masa mayafin babansa na ulu, wanda ya fi sauƙi. Na cire riga ɗaya da sabulun wanki. Na bi jerin da yatsa, komai ya samu sai 'yar wuƙa. Na madafa duk manya ne, ba mai kube. Na dubi hannuna na hagu, na miƙa masa wadda nake riƙe da ita.

"Ke!" in ji Gwaggo. "Wannan ta takaba ce!"

"Gwaggo, me ya rage da za ta tsare mini?"

Ban faɗa da zafi ba, tambaya ce kawai. Ta je bayan madafa ta karyo guntun kara ta sa mini a hannu ta ce in riƙe wannan. Na riƙe.

Asabar da rana ta ɗan ɗaga Yaya ya zo da kekensa zai kai shi tasha. Ni iyakata ƙofar tsakar gida. Yaron ya fito cikin kakinsa, ƙyallen a wuya, takalmin yana yi masa ƙwas-ƙwas. Ya durƙusa da jakar a baya, da ƙyar ya iya.

"Ka ci abinci," na ce. "Kada ka jira sai an tambaye ka."

"To, Umma."

"Allah ya tsare."

"Amin."

Ya miƙe ya bi bayan Baffansa. Na koma na share inda muka yi shirin, na kwashe zare da guntayen buhu, na koma kan tabarmata.

A rana ta huɗu aka tsuge da ruwa tun safe, bai ɗauke ba sai washegari da azahar. Katangar bayan gidanmu ta zube ta gefe ɗaya. Ran da ya kamata su dawo ba su dawo ba. Kashegari kuma wani direba ya sauka a tasha ya ce ya ji a Tudun Wada rafi ya tafi da 'yan makaranta a cikin daji. Kafin maganar ta iso gidanmu ta zama yara uku, a wani bakin ma biyar.

Yaya ya hau mota nan take. Mata suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna zama a inda suka zauna kwanakin baya, ba mai cewa komai sai "Allah ya sa ba haka ba ne". Gwaggo tana jan carbi hawaye yana bin haɓarta. Ni na jawo buhun gyaɗar da aka kawo mana sadaka na fara ɓarewa.

Zan faɗi abin da ya zo mini a rai, ko da yake ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu da na tsufa. Na tuna tabarmin da muka aro na zaman makoki ba a mayar ba, suna jingine a zaure, da butoci goma sha biyu. Na ce a raina, in gaskiya ne ba sai an sake aika a aro ba. Wannan ne tunanin da uwa ta yi. Na san mummuna ne tun a lokacin, na dube shi kamar yadda ake duban ƙwaro a bango, na ci gaba da ɓare gyaɗa.

Yaya bai dawo ba sai washegari bayan azahar, rigarsa duk laka. Daga zaure ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba.

"Shanu ne! Shanun Fulani biyu ruwan ya ci. Yaran suna lafiya, duk cikarsu."

Bai gan su da idonsa ba, amma ya ga wani ma'aikacin gandun daji da ya baro su a wani ƙauye. Rafin ne ya tare su a hanyar dawowa, aka buɗe musu ajin firamare suna kwana a ciki. Mata suka yi ta hamdala, ni ma na yi. Sai maƙwabciyata ta kama hannuna ta juya. Manyan yatsuna biyu sun tsage, jini ya bushe a gefen farce. Buhun ya kusa ƙarewa. Ban san lokacin da hakan ta faru ba.

Sun dawo a rana ta tara. Ya shigo da la'asar, ya rame ya yi baƙi, takalmin a rataye a wuyansa, yana ɗingishi da silifa na aro. Ya gaishe ni, na ce sannu da hanya, ya sauke jakar. Gwangwanayen duk wayam, har an lashe.

Ban taɓa jin ya yi magana mai yawa kamar ta ran nan ba. Ba da ni yake ba, da ƙannensa yake da Gwaggo, ni ina daga gefe ina hura wuta. Ya ce sun ga tsofaffin ramukan haƙar kuza cike da ruwa kore shar, ba a ganin ƙasansu. Ya ce daga kan dutsen ana hango ƙauyuka kamar an watsa tsaba. Ya ce wani garken gwaggon biri ya sace musu burodi, sai 'yan matan suka dubi Gwaggo suka fashe da dariya, ita ma ta kai musu duka da mafici tana dariyar. Ya ce rafin ja ne kamar yadda mai nono ta faɗa, da itatuwa a ciki, kuma malaminsu ko kusa da bakin bai bari sun je ba. Kwana ukun da suka yi a ajin, abincin yawancinsu ya ƙare ko ya yi fumfuna. Dambun da garin da busasshiyar furar su aka yi ta rabawa, su goma sha huɗu, cokali-cokali.

"Kai ka ci?" na tambaya, ban juyo ba.

"Na ci, Umma. Malam ya karanta takardar Baba. Kullum ni yake fara miƙa wa."

Da ruwan ya yi ɗumi na zuba a kwano da gishiri. Aikin Gwaggo ne ya kamata ya zama, amma idonta ba ya ganin bakin allura. Na ce ya zauna a kan turmi ya miƙo ƙafa. Dugadugansa duka sun yi bororo, wasu sun fashe sun manne da zaren safa. Na ƙona allura a wuta na fara hudawa ina matsewa. Gwaggo ta ja 'yan matan suka shiga ɗaki.

Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Na duba wurin da abin ya faru, Umma. Da tafiya da dawowa. Na zauna ta gefen da zan gani."

Na ci gaba da matse bororon.

"Ban gane daidai inda ne ba. Masu rake ne kawai, da masu ƙosai, motoci suna ta lodi. Kowa yana harkarsa."

"Haka ne."

"A kan dutsen na yi kuka. Na koma bayan wani dutse, ba wanda ya gan ni."

Na matse tsumman, ruwan ya yi ja-ja. Ƙafarsa tana cikin hannuna, ta fi tawa girma, ban san lokacin da ta kai haka ba. Na san akwai abin da ya kamata in ce, na neme shi, ban samu ba.

"Ɗago ɗayar," na ce.

Ya ɗago. Na gama, na shafa masa mai, na naɗe da tsohon ɗankwali. Ya ci tuwo malmala uku, ya kwanta a inuwar rumfa tun rana ba ta faɗi ba.

Bayan kwana biyar ya koma makaranta, Yaya ya raka shi har Kiru. Gwaggo ta zauna har na cika wata huɗu da kwana goma. Aka yi mini wankan fita, aka yi kitso, ta juyo da madubin, ta tafi gida. Ba zan iya cewa ga ranar da na dawo daidai ba. Abin ya zo a hankali cikin shekara ɗaya ko fiye, kuma ba duka ne ya dawo ba.

Litinin ɗin da ta biyo bayan fitata daga takaba na koma aiki. Hanyar da na saba bi ta yi mini tsawo, an girbe gonakin gefenta, sai kututturen dawa. Hedimasta ya yi mini gaisuwa ya ce in ci gaba da aji uku. Yara suka miƙe suka gaishe ni da murya ɗaya. Ina neman alli a aljihun tebur, wata ƙaramar yarinya a layin gaba, wadda aka kawo daga wata makaranta ina hutu, ta ɗaga hannu.

"Malama, an ce kin daɗe ba kya nan. Ina kika je?"

"Ban je ko'ina ba," na ce. "Ku fito da littafin lissafi."